Na ƙi karɓar muƙami don gudun riya, shin na yi daidai?

Tambaya: Malam, ni na zo na ɗaya a makaranta, a wurin aiki ma sau biyu ana ƙara mini girma. Amma kullum zuciyata na raya mini sa'a ce kawai, wata rana asirina zai tonu. Sai in yi ta jinkirta aiki har lokaci ya ƙure in yi shi a gurguje. Kwanan nan an ba ni shugabancin sashenmu na ƙi, na ce tawali'u ne.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Raye-rayen zuciyar nan waswasi ne, ba ka da laifi a kansu, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya, matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Amma jinkirta aikin da kake karɓar albashi a kansa da gangan, har ya fita da tangarɗa, bai halatta ba. Amana ce.

Ƙin muƙami a asalinsa halas ne. Annabi (SAW) ya hana Abu Zarri shugabanci, ya ce masa shi mai rauni ne. To kai raunin ne, ko tsoro? Waɗanda suka ga aikinka sun shaide ka, zuciyarka kaɗai ke musu. Annabi Yusuf (AS) cewa ya yi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne, masani (Suratu Yusuf, aya ta 55). Ya faɗi abin da Allah ya ba shi saboda jama'a na bukata. Idan kai ne ka fi cancanta, kuma janyewarka za ta bar wurin ga wanda zai cuci mutane, karɓa ta zama wajibi a kanka.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne yadda Shaiɗan ke sa wa tsoro rigar taƙawa. Fudailu ɗan Iyad ya ce barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Laifin Ƙaruna shi ne jingina ni'ima ga iliminsa. Kai kuma ka jingina ta ga sa'a. Ce "falalar Allah ce", sannan ka fara aikin gobe tun yau, ko da shafi ɗaya. In an yabe ka, ka gode wa Allah. A Sahihu Muslim an kira irin wannan yabo busharar gaggawa ga mumini.

Yi istihara, ka shawarci wanda ya san aikinka, in ƙofar na buɗe ka koma. In damuwar ta kai ga hana ka barci, ga likita, neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Wallahu a'alam.