Shiga harkar kwangilar gwamnati a Saudiyya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko digirinka na tsara manufofin gwamnati zai shigar da kai harkar kwangila a nan Saudiyya. Zai taimaka, amma gara ka fara da aiki a sashen neman kwangila na wani kamfani a Jidda ko Riyad, inda za ka ga yadda ake miƙa tayi a Etimad, dandalin intanet na kwangilolin gwamnati, da yadda rashin takardar shaidar zakka kaɗai ke iya hana kamfani takara. Ka karanci dokar kwangilolin gwamnati ta 2019 sosai. Idan kuwa iƙama gare ka, wato takardar izinin zama ta baƙi, kada ka kuskura ka buɗe kamfani da sunan ɗan ƙasa, domin wannan shi ake kira tasattur, kuma laifi ne mai kai mutum gidan yari.