Fatawa: Azumi da sujada bayan tiyatar ƙwannafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Na daɗe ina fama da ƙwannafi, har aka yi mini tiyata mako biyu da suka wuce. Likita ya ce in riƙa cin abinci mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Ga azumi ya ƙarato, yayana kuma ya ce tunda ina takawa da ƙafata ba ni da uzuri. Sannan in na yi sujada wurin ɗinkin yana ja na. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi.

Sai an san cuta kafin a yanke hukunci. A wannan tiyata, wadda likita Rudolf Nissen ya fara a 1955, ana naɗe saman tumbi a ƙarshen hanyar abinci don ruwan tsami ya daina hawowa ƙirji. Wurin yakan kumbura na wasu makonni, haɗiya ta yi wuya, gyatsa ta ƙi fita, tumbin kuma ya cika da loma kaɗan. Saboda haka matsalarka ba juriyar yunwa ba ce. Azuminmu a Kumasi ya haura awa 13, mai lafiya yana mayar da abin da ya rasa da buɗa-baki da sahur, kai kuwa cikinka ba zai ɗauki abincin yini guda a zama biyu ba. In ka matsa masa, kumburi da yunƙurin amai ne za su biyo, su ne kuma abin da likitoci suke tsoro a kan ɗinkin. In ka taƙaita, ƙishirwa da rama su jinkirta warkewa.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 185, wanda ba shi da lafiya ko yake tafiya ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil, sun halatta shan azumi ga mai tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, sun wajabta shi idan ana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Ba su sa sharaɗin sai mutum ya kwanta rai a hannun Allah ba. Yayanka ya auna da ido, shari'a kuwa da maganar ƙwararren likita amintacce take aunawa. To ka sha, ba laifi a kanka.

Ramuwa ce a kanka, ba ciyarwa ba, domin ciwonka ana sa ran warkewarsa. Kana da dama har Sha'aban, kamar yadda Nana A'isha take yi. Sai in ka yi sakaci, kana da iko, har wani Ramadan ya shigo, sannan ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya na abinci a kan kowace rana ya hau kanka tare da ramuwar. Idan likita ya sake ka kafin wata ya ƙare, ka kama azumi daga nan.

Sujada kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya wadatar: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Ka yi tsayuwarka tunda kana iyawa, ka yi nuni a sujada, ya fi na ruku'u yin ƙasa. Kada ka ɗaga matashi zuwa goshinka.

Abu ɗaya nake jiye maka, wato tabarmar buɗa-baki a masallaci. Kowa zai miƙo maka ƙosai, tsire, burodi da lemo mai gas, kunya ta hana ka ƙi. Burodi da nama su ne suka fi maƙalewa a wannan lokaci, lemon kuma iska ce da ba ta da hanyar fita. Kokonmu ma yana da citta da barkono, a dama maka naka daban, salala, ba yaji. Tuwon zafi da waake sai likita ya buɗe maka hanya. Ka ci abincinka a ɗaki da rana, don girmama wata da masu azumi.

Wallahu a'alam.