Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tantance Gidan Gasasshen Nama Mai Tsada a Tsakiyar Birni

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan abu ɗaya, wato manyan gidajen cin abinci da suka ƙware a gasa sitek, wato yankan naman sa mai kauri, irin waɗanda ke jere a tsakiyar manyan birane kusa da otal-otal da ofisoshi. Mun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan karɓi baƙi huɗu, abokan hulɗar kasuwanci. A tsakiyar birnin da nake akwai gidajen sitek uku kusa da juna, duk masu tsada, hotunansu a intanet duk sun yi kyau, taurarin da jama'a suka ba su ma kusan ɗaya ne. Ta ina zan bambance su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Taurari ba za su raba maka wannan gardama ba, domin yawancin masu bayar da su kujeru da fitilu da fara'ar ma'aikata suke yabawa. Ka buga waya kowane gida da rana, wajen ƙarfe uku ko huɗu lokacin da babu cunkoso, ka yi tambaya a kan naman kansa.

Ka fara da asalinsa: daga wace ƙasa, kuma wane mataki? Idan na Amurka ne, Ma'aikatar Noma ta ƙasar tana rarraba naman sa gwargwadon kitsen da ya ratsa cikin tsoka, kuma matakan da za ka gani su ne Prime a sama, sai Choice, sai Select. Kusan ɗaya cikin goma na shanun da ake tantancewa ne ke samun Prime a 'yan shekarun nan. A nan ake yi wa mutane wayo da rubutu. Wani gidan zai sa Prime a sunansa alhali yanka biyu ne kawai a menu ɗinsa suke wannan mataki. Abin da ake kira prime rib kuwa sunan sashen jiki ne, ba shaidar mataki ba. Haka Angus, sunan irin sa ne, akwai mai kitse a cikinsu, akwai ramamme. Don haka ka ce a faɗa maka matakin yankan da kake niyyar saya, ba na gidan gaba ɗaya ba. Wanda ya amsa da cewa "namanmu duk mai kyau ne" bai amsa komai ba.

Sai ka tambayi kwana nawa naman ya yi a ajiye kafin a gasa, kuma a ina aka ajiye shi. Bayanin wannan yana cikin amsa ta gaba.

Daga nan sai kauri da wuta. Sitek na ƙwarai yakan kai santimita 3 zuwa 4. Idan bai kai biyu da rabi ba, kafin bayansa ya yi ɓawon nan mai launin ƙasa-ƙasa cikinsa ya riga ya dahu ya wuce. Gidaje da yawa suna amfani da tanda mai hura wuta daga sama, wadda zafinta ke haura digiri 800 a ma'aunin Celsius, wasu kuma gawayi ko itace. Kowanne yana da daɗinsa: tandar tana ba da ɓawo mai kauri ko'ina daidai, gawayi yana ƙara ƙamshin hayaƙi. Mu dai muna ɗora alamar tambaya a kan gidan da hotunansa ke nuna nama fari-fari da layukan ƙarfe baƙaƙe a kai. Layukan ado ne, ɗanɗano yana cikin ɓawon da ya rufe fuskar naman duka.

Tun da maganar kasuwanci za ku yi, ka tambaya ko suna da teburi a kusurwa ko ƙaramin ɗaki, ka kuma nemi farkon dare. Tsakanin ƙarfe takwas da tara kicin yakan cika da oda, kuma a wannan lokacin ne aka fi kuskure nunar nama.

Tambaya: An kawo mini naman da aka ce ya kwana 45 a ajiye, kuma ya fi sauran tsada. Na ji wani ƙamshi mai ƙarfi kamar na cuku, har na zaci ya fara lalacewa. An cuce ni ne?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Abin da ka biya ne aka ba ka, sai dai ba a yi maka bayani ba. Ajiyar nama iri biyu ce. A ta farko ana rufe shi cikin leda a zuƙe iskar, ya zauna a firji mako biyu zuwa huɗu. Yana yin laushi, ba ya rage nauyi sosai, ɗanɗanonsa kuma bai cika canzawa ba. Yawancin naman sa da ake sayarwa a Amurka haka ake yi masa. A ta biyu, wadda menu ke rubutawa dry-aged, ana ɗora babban sashe da ƙashinsa da kitsensa a fili cikin ɗakin sanyi mai digiri 1 zuwa 3, da laima wajen kashi 80 cikin ɗari, fanka tana kaɗa iska dare da rana. Ruwa yana fita, sinadaran da ke cikin tsokar suna sassauta zaruruwanta, bayan kuma ya bushe ya yi baƙi ya taurare, sai a fere shi a zubar. Tsakanin ruwan da ya fita da abin da aka fere, ana iya asarar kashi 20 zuwa 30 na nauyin. Tushen tsadar ke nan.

Laushin yakan samu ne a mako biyu zuwa uku na farko. Abin da ke ƙaruwa bayan haka ɗanɗano ne. A kwana 28 za ka ji ɗanɗanon nama mai zurfi, daga 45 zuwa sama ƙamshin cukun nan yake bayyana, kuma akwai masu neman sa musamman. Wanda bai saba ba ya fara da na kwana 21 zuwa 28. Lalataccen nama dabam yake: yana yauƙi, yana tsami, yana warin da ke hawa hanci, kuma wannan mayarwa ake yi nan take.

Gidan da ke yin ajiyar da kansa yakan yi alfahari da ɗakin, wasu ma da gilashi suke kewaye shi. Ka leƙa ka ga ko kowane sashe yana da takardar kwanan wata a jikinsa. Idan kuma aka ce maka an busar da filet, wato tsokar nan mai laushi marar kitse da ke ƙarƙashin ƙashin baya, ka ƙara tambaya, domin ba shi da rigar kitse da za ta kare shi, sai dai in an ajiye shi a jikin ƙashinsa.

Tambaya: Ni da maigidana za mu je bikin cikar aurenmu. Shi yana son kitse, ni kuwa laushi nake so ba na son kitse ko kaɗan. Sunayen da ke menu sun rikita ni.

Amsa: Allah ya ƙara danƙon zumunci, Hajiya. Naki shi ne filet, wani wuri a rubuta tenderloin. Tsoka ce da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya, ba ta aiki, shi ya sa ta fi ko'ina laushi. Sai dai ɗanɗanonta bai da ƙarfi, don haka miya ko man shanu yana yi mata kyau. Giram 180 zuwa 230 ya ishe ki. Maigida kuma ribeye zai nema, daga sashen haƙarƙari, inda kitse ya fi ratsa tsoka. Tsakanin waɗannan biyu akwai strip, wanda a Ingila ake ce wa sirloin, mai ɗan tauri kaɗan da kitse a gefe ɗaya.

Idan kuna son faranti ɗaya ku raba, porterhouse yana haɗa strip da filet, ƙashi a tsakiya. A ƙa'idar Amurka sai faɗin filet ɗin ya kai inci 1.25, wato wajen santimita 3, kafin a kira shi da wannan suna, in bai kai ba T-bone ne. Matsalarsa ita ce ɓangaren filet yana riga ɗayan dahuwa, kuma naman da ke manne da ƙashi yana zama ja fiye da sauran. Kukun da ya iya yakan juya filet ɗin nesa da tsananin wuta. Gidan Peter Luger da ke Brooklyn a New York, wanda aka buɗe a 1887, da wannan yanka ya yi suna, kuma a yayyanke yake kawo shi.

Tomahawk kuwa ribeye ne da aka bar wa dogon ƙashin haƙarƙari. Kyan hoto gare shi, amma ƙashin yana cikin nauyin da za ku biya. Ku sani kuma nauyin da ke menu na ɗanyen nama ne, bayan gashi yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Inda aka rubuta da oza, oza 8 giram 227 ne, 12 giram 340, 16 kuma giram 454.

Tambaya: Kullum na ce a gasa mini sosai sai mai hidima ya ɓata fuska, kuma naman ya zo a bushe. Ni kuma ba zan iya cin nama da jini ba.

Amsa: Malam, jan ruwan da kake gani ba jini ba ne. Jini ya fita tun wajen yanka. Ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai suna mayoglobin, wanda shi ke ba nama launin ja, kuma yana komawa toka-toka idan zafi ya yi yawa. Matakan nuna da zafin tsakiyar naman ake auna su: rare wajen digiri 50, medium rare 54 zuwa 57, medium 60 zuwa 63, well done 70 zuwa sama. Da zarar an haura 65 zaruruwan tsoka suna matsewa su kore ruwa, dalilin bushewar ke nan.

Kuɗinka ne, kana da damar cin nama yadda kake so, kuma ɓata fuskar nan rashin tarbiyyar aiki ce. Amma ka zaɓi yankan da zai jure. Filet shi ya fi shan wahala a doguwar wuta. Idan dole shi kake so, ka ce a tsaga shi a buɗe kamar littafi domin ya dahu da sauri. Ribeye ya fi dacewa da kai saboda kitsensa yana riƙe damshi, hasali ma ko masu son ja ba a ba su shawarar cin sa rare, don kitsen bai narke ba tukuna. Ka gwada medium well, wato matakin da ke tsakanin medium da well done, sau ɗaya ka gani.

Ka lura da faranti. Kamfanin Ruth's Chris mai gidajen sitek a Amurka, alal misali, yana kawo nama a faranti mai zafin kusan digiri 260, man shanu yana tafasa a kai. A irin wannan faranti nama yana ci gaba da dahuwa a gabanka, don haka mai son ja ya nemi mataki ɗaya ƙasa, ko ya kwashe zuwa wani faranti. Da an ajiye maka, ka yanka tsakiya ka duba kafin ka ci. Wanda bai nuna ba ana mayar da shi wuta minti biyu, wanda ya wuce sai dai a canza, kuma ba a kai ƙorafi bayan an cinye rabi.

Ga masu juna biyu da tsofaffi da ƙananan yara da marasa lafiya, a bi ƙa'idar hukumomin lafiyar abinci na Amurka: digiri 63 da hutun minti uku ga yankakken nama, 71 ga niƙaƙƙe. Bambancin ya zo ne daga cewa ƙwayoyin cuta a bayan nama suke zama, niƙa kuwa yana shigar da su ciki.

Tambaya: Na ga an rubuta Kobe a wani gida, wagyu a wani. Abu ɗaya ne?

Amsa: A'a, ranka ya daɗe. Wagyu sunan jinsunan shanu 'yan asalin Japan ne gaba ɗaya. Kobe kuwa sai san ya kasance jinin Tajima, an haife shi, an yi kiwonsa, an yanka shi a lardin Hyogo, ya kuma cika sharuɗɗan mataki. Japan tana auna ratsin kitse daga 1 zuwa 12, kuma A5, wato mataki mafi girma a can, yana buƙatar 8 zuwa sama. Kowane sa a can yana da lambar shaida mai alƙaluma 10, gidan da ke sayar da na gaskiya yakan iya nuna maka takardar. Yawancin wagyu na Amurka da Ostireliya barbarar yanyawa ne da Angus, mai daɗi ne, amma bai kamata a karɓi kuɗin na Japan a kansa ba. A5 kitsensa ya yi yawa ƙwarai, giram 100 ya ishi mutum ɗaya. Ku sayi ƙarami ku raba a fara da shi.

Tambaya: Me ya sa takardar kuɗi take zarce lissafin da na yi daga menu? Sannan ni ba na cin alade ba na shan giya, me zan kiyaye?

Amsa: A mafi yawan waɗannan gidaje, Malama, farashin da ke gaban sitek na naman ne kaɗai. Dankali, ganye, miya, ruwan kwalba, kowanne da kuɗinsa. Kwanon dankali ko na ganye yakan ishi mutum biyu ko uku, don haka teburin mutum huɗu ba ya buƙatar fiye da biyu ko uku. Inda aka rubuta MP, wato farashin kasuwa na ranar, ko mai hidima ya karanto abincin musamman na ranar da baki, ki tambayi farashi kafin ki amsa. Idan kuma ana sayar da yankan da nauyi ne, a faɗa miki nauyinsa tukuna. A Amurka ana sa ran tukuicin kashi 18 zuwa 20 bayan haraji, a Landan sau da yawa an riga an ƙara kashi 12.5 na hidima a takardar, a Japan ba a bayarwa. Ki karanta ƙasan takardar kada ki biya sau biyu.

Maganar abin da ba kya ci kuwa, a cikin miya da kayan gefe yake ɓuya. Miyar bordelaise da jar giya ake haɗa ta, miyar masoro sau da yawa da giyar barandi, béarnaise ma wasu suna zuba mata farar giya. Dafawa ba ta kore barasa duka, bayan minti 15 ana tafasa kusan kashi 40 yana nan. Naman alade kuma yana zuwa a naɗe jikin filet, ko a barbaɗe kan salak da gasasshen dankali. Ki nemi sitek da gishiri da masoro kawai, ki tambayi wane mai ake shafa masa da wanda ake soya dankali. Idan yankan halal kike buƙata, ki tambaya tun a waya, ki ce a nuna miki shaidar dillalin da ke kawo naman, ki kuma ji ko a wuta ɗaya ake gasa shi da sauran.