Amsa kan ɗumama gidan Mama ba tare da kuɗin wuta ya yi yawa ba

Assalamu alaikum jama'a. 'Yar'uwa, na saurari saƙonki kan gidan Mama a Ingila. Kin ce babu gas, komai lantarki ne, kuɗin wuta yana ta hawa, amma da yamma sanyi take ji. To, ki saurara da kyau.

Fara da takardar kuɗin wutar. In kin ga farashi biyu, na dare da na rana, to mai yiwuwa a kan tsarin biyan kuɗin wuta da ake kira Economy 7 take. Awa bakwai ne da dare wuta take araha, galibi daga sha biyu zuwa bakwai na safe, amma ki kira kamfanin su faɗa miki ainihin lokacin mitarta. Da rana kuwa tsada ce.

Hitar nan mai nauyi da ke jikin bango, bulo ne a cikinta. Da dare take shan wuta ta tara zafi, da rana ta riƙa sakinsa. Ki duba samanta, maɓallai biyu ne. Input shi ne yawan zafin da za ta tara, Output kuwa kamar murfin tukunya yake. Inda ake kuskure, a bar Output a buɗe har gari ya waye, kafin la'asar zafin ya tsiyaye. Sai Mama ta jawo ƙaramar hita mai fanka, wadda ke cin wat 2000, wato yunit biyu duk awa, a farashin rana. Wallahi nan kuɗin yake zurarewa. Don haka in za ta kwanta a mayar da Output kan 1, a buɗe shi kaɗan kaɗan bayan azahar. Input kuma, in sanyi ya tsananta, a kai shi 5 ko 6. In kin canza yau, sai gobe za ki ga bambanci, kada ki ce ta lalace. Tankin ruwan zafi ma a saita shi ya tafasa da dare, a daina danna Boost, wato maɓallin da ke ɗumama ruwan nan take.

Ɗakin da take zama kada ya gaza digiri 18, ki sa ma'aunin zafi a bango, don tsoho jikinsa kan yi sanyi bai ankara ba. Ki saya mata bargon lantarki na lulluɓa a kujera, wat ɗari da 'yan kai yake ci. Amma kada ta haɗa shi da robar ruwan zafi. A toshe ƙarƙashin ƙofa, a ja labule da magariba, kada a shanya kaya a kan hita, kuma ƙaramar hita a soket na bango ake jona ta kai tsaye.

Don Allah, kaskon gawayi irin na gida lokacin hunturu, kada a kuskura. Gidajen nan a rufe suke ruf, iskar gawayi ba ta da wari, cikin barci take kisa.

Sannan ki bincika ko ta cancanci Pension Credit, tallafin gwamnati ga tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, don shi ke buɗe ƙofar Warm Home Discount, wato ragin fam 150 a kuɗin wuta. Ki sa sunanta a Priority Services Register, rajistar kamfanonin wuta ta masu buƙatar kulawa ta musamman, kyauta ne. In aka ɗauke wuta, 105 za ta kira. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya.