Tsohuwar amfilifaya za ta gyara maka sauti?

Dan uwa ka tambaya ko in ka sayi tsohuwar amfilifaya (na'urar da ke kara karfin sauti kafin ya isa sifika) irin ta shekarun 1970 sautin gidanka zai kara kyau. Eh zai iya, amma fa ba kullum ba. Irin su Marantz 2270 da Pioneer SX-780 kaya ne masu nauyi, taransifoma babba, sautin akwai dumi a kunne, kuma suna da wajen jona garmaho kai tsaye. Sai dai abu ya haura shekara 40 kafasitocin ciki (yan kayan da ke rike wuta suna tace ta) sun bushe, shi ya sa za ka ji tana huuu ko bangare daya ya dauke, maballin kara murya kuma yana kwar kwar in ka murda, to sai ka hada kudin mai gyara da kudin sayen tun farko.

Abin da ya fi muhimmanci, duba bayanta ka ga karfin wutar da take dauka kafin ka sa a soket. Na Amurka bolt 120 ne, na cikin Japan 100, mu kuwa wutarmu 230 ce, ni da kaina na taba kona wata haka cikin dakika daya wallahi har da hayaki. In ba ta da makunnin canza bolt sai ka nemi taransifoma mai rage wuta.

Sannan gaskiya in sifikunka na banza ne amfilifaya ba za ta yi maka sihiri ba, fara canza su tukuna. Bulutut kuma babu, sai ka sayi yar karamar risibar Bulutut ka jona ta ramin da aka rubuta AUX a bayan amfilifayar.