Amsa ga mai tambayar ankar kwalekwale a Dadin Kowa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a sabon jirgi. Ka ce ka sayi kwalekwalen katako da ƙaramin inji, kana fita su a dam ɗin Dadin Kowa, amma dutsen da kake ɗaurewa ba ya tsayar da kai, iska na jan ka har kan komar mutane. Kana so a faɗa maka ƙarfe mai kilo nawa za ka sa a haɗa maka.

Kafin ka kai wa mai walda kuɗinka, fara auna igiyarka. Na daɗe a ruwan nan, kuma yawancin waɗanda na ga jirgi na yawo da su, nauyin dutsensu ya isa, igiya ce ta yi musu kaɗan. Mutum zai saki dutse, da ya ji ya taɓa ƙasa sai ya ɗaure, igiya a miƙe tsaye daga jirgi zuwa ƙasa. To duk sanda ruwa ya ɗaga goshin jirgi, ya ɗaga dutsen ke nan, ya ajiye shi gaba kaɗan. Haka za ka yi ta tafiya kana zaton a tsaye kake. Anka kamar garma take: in ka ja ta a kwance sai ta ci ƙasa, in ka ɗaga ƙotar sama sai ta fito. Doguwar igiya ce ke sa jan ya zo mata a kwance.

Lissafin ba wuya. Gaba guda, wato tsawon buɗe hannuwanka biyu, ya kusa mita 2. In zurfin wurin gaba 3 ne, ka saki igiya gaba 15, ninki biyar ke nan. In ruwa ya kwanta lumui kuma kana zaune a jirgin kana fatsa, ninki uku ma ya isa. In hadari ya taso, ninki bakwai, gaba 21. Saboda haka kada ka sayi igiyar da ta gaza gaba 30, kuma ka yi mata alama da tsumma a kowane gaba 5, don da asuba ba gani kake yi ba, da hannu za ka ƙirga. Wani abin kuma, zurfin dam ba ɗaya ba ne duk shekara. Inda gora ke taɓa ƙasa a watan Afirilu, in ka koma a Satumba bayan kogin Gongola ya kawo ruwa, sai ka nemi ƙasa ka rasa. Kada ka dogara da awon bara, ko ma na watan jiya.

Wace igiya? Wannan shuɗiyar ta roba da ta cika kasuwa tana da araha, amma tana yawo a saman ruwa, ga shi rana na cin ta har ta riƙa yin gari a hannu. Kai da kake da inji, wata rana za ta naɗe maka farfela. Ka nemi ta nailan mai kaurin ɗan ƙaramin yatsa, milimita 10. Tana nutsewa, kuma tana ɗan miƙewa, shi ya sa in ruwa ya buge jirgi ba ya fizgar ka da ƙarfi. Tsakanin igiyar da ankar ka sa sarƙa kamar gaba ɗaya ko ɗaya da rabi. Mutane na ganin ɓarnar kuɗi ce. Aiki biyu take yi: nauyinta na kwantar da wuyan ankar a ƙasa, kuma ita ke gogar dutse maimakon igiya. Ko tsohuwar sarƙa ce daga 'yan gwangwan, in tsatsa ba ta cinye ta ba, ta yi.

Yanzu ƙarfen kansa. Tun da aka gama dam ɗin nan a 1984, ruwa ya hau kan gonaki da daji, kuma har yau akwai kututture da saiwoyi a ƙasa, ban da duwatsu ta wajen tsaunuka. Wannan shi ya sa ban ba ka shawarar anka mai faɗin baki irin ta manyan jirage ba. Tana riƙo sosai a yashi da taɓo, amma ranar da ta shiga ƙarƙashin saiwa, sai dai ka yanke igiya ka yi mata bankwana. Ka ce wa mai walda ya samo bututun ƙarfe tsawon kamu ɗaya, ya zura rodi mai milimita 10 guda huɗu, ya lanƙwasa bakinsu kamar ƙugiya, ya cika bututun da siminti. Ya yi zobe biyu, ɗaya a sama, ɗaya a gindi inda haƙoran suka haɗu. Duka-duka kilo 5 zuwa 7 ya ishi jirgi irin namu. Zai ce bari ya sa rodi mai kauri don ya yi ƙarko, kada ka yarda. So ake in ta maƙale, ka ja da ƙarfi haƙorin ya miƙe ta fito, in ka hau tudu ka sake lanƙwasa shi da bututu.

Zoben gindin nan shi ne dabarar. Ka ɗaure sarƙar a zoben gindi, ka kwantar da ita a jikin ƙarfen, sannan ka kama ta a zoben sama da siririn zaren koma, zagaye biyu ko uku. Muddin jan a kwance yake, zaren ba ya jin nauyi sosai. In ta maƙale, sai ka tuƙa ka wuce kanta ka fizga, zaren ya tsinke, ta fito ta gindi. Sai dai in za ka kwana a kan ruwa ko ka bar jirgi ba kowa, ka ɗaure zoben sama da gaske, don iska in ta juya zaren na iya tsinkewa da kansa. A wuraren da ƙasa taɓo ne zalla, rodi ba ya samun abin kamawa. Nan gara ka riƙe buhun yashi ko siminti da aka zuba a tsohon bokiti da zobe a kai, ka ƙara igiya.

Abin da ya fi duk wannan, a goshin jirgi ake ɗaure anka. Ba a gefe ba, ba a baya ba. Na san akwai sauƙi mutum na zaune wajen inji ya miƙa hannu ya ɗaure a nan. Bayan jirgin ya riga ya nutsa saboda nauyin inji da naka, ga shi a fili yake. In ka juya shi ya fuskanci iska ko ruwa mai gudu, igiya na danna shi ƙasa, ruwa na shigowa, kafin ka ɗauki ƙwarya ka fara kwarfa ya cika. Na gefe kuwa kifar da jirgi yake yi. Wannan ya fi tsanani a kogin da ke ƙasan dam, inda ruwa kan ƙaru ba sallama in an saki ruwan dam. Ka sa kafinta ya kafa maka katako mai ƙarfi ko zoben ƙarfe a goshi, da noti ya ratsa, ba ƙusa ba. Ya sa guntun tiyo inda igiya ke gogar katako.

Wajen saki, ka fuskanci iska, ka kashe gudu, ka zura ta a hankali. Masu wurga ta daga tsaye, sarƙa ce ke naɗe haƙoran, ta sauka a dunƙule ba ta kama komai ba. In ta taɓa ƙasa ka bar iska ta ja ka baya kana sakin igiya, sannan ka riƙe ka ji. In igiyar na karkarwa a tafin hannunka, ja take yi a ƙasa. In ta yi tauri shiru, ta kama. Sai ka dubi tudu, ka daidaita wata bishiya da wani dutse a bayanta. In sun rabu, tafiya kake yi. Ka tuna kuma jirgi zai zagaya iyakar tsawon igiyarsa in iska ta juya, kuma tana juyawa: hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma yakan faɗo daga gabas farat ɗaya. Ka ba kalli da mari-marin mutane tazara, wato koma da jerin ƙugiyoyin da suka kafa a ruwa, kada a kai ka gaban Sarkin Ruwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Igiyar da ta rage ka naɗe ta a bokiti ko kwando, kada ta kwanta inda ƙafarka take. Wuƙa ta zauna kusa da goshi kullum. Can ƙarshen igiyar ka ɗaura jarka mai lita 5 a rufe, kuma ɗaurin da ke goshi ya zama wanda za ka kwance da ja ɗaya. Dalili, ruwan nan akwai dorina, mutanen Hinna da kewaye sun san ta a gonakinsu ma. In ta ɓullo kusa, ko hadari ya rufe ka, ba lokacin jawo igiya gaba 20 ba ne. Ka saki komai ka tafi, jarkar za ta tsare maka wurin har ka dawo. Rigar ruwa kuma ka sa ta a jiki, wadda ke ƙarƙashin benci ba ta ceci kowa ba.

Ka faɗo tsawon jirgin da ɓangaren da ka fi zama, ko cikin dam ne ko ƙasan kogi. In wajen duwatsu ne, akwai gyaran da zan ce a yi wa haƙoran kafin a zuba siminti.