Kicin ɗin Anti: Aful fai ɗina sama ya yi tauri, ƙasa ya jiƙe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema. Maigidana ne ya ci aful fai a wajen wani taro a Abuja, tun daga nan kullum zancen kenan, shine na ce bari in gwada tunda na iya mit fai. Na kwaɓa fulawa na murza sosai yadda na saba, na yanka tuffa jajaye na zuba suga na gasa. Wallahi Anti saman da ƙyar wuƙa ta shiga, ƙasan kuma ya jiƙe caɓal ruwa duk ya cika faranti, ga tuffa da tsada. Ina matsalar take? Maman Khalil, Tudun Wada Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalil, sannu da ƙoƙari. Matsalarki ta farko tana nan inda kika ce kin murza sosai. Ita fulawa da zarar ta haɗu da ruwa aka yi ta murzarta danƙo take yi, wannan danƙon shi ake nema a burodi da fanke, amma a aful fai shi ne ya jawo miki taurin nan. Kwaɓin fai baya son hannu kuma baya son zafi, in kin riƙe wannan kin gama rabin aiki.

Ki samu fulawa kofi 2 da rabi, wajen giram 300 kenan, bota giram 225, gishiri ƙaramin cokali 1, suga babban cokali 1, sai ruwa mai ƙanƙara babban cokali 6 zuwa 8. Botar ta zama ta daskare, ki yanka ta ƙanana ki zuba cikin fulawar kina marmasawa da kan yatsunki kawai, ba da tafin hannu ba don tafin ya fi ɗumi, kuma kar ki bari ta ɓace gaba ɗaya, ki tsaya tun kina ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar wake a ciki. Waɗannan gutsattsarin ne in sun shiga wuta suke narkewa su saki tururi, tururin ya ɗaga fulawar ta yi hawa-hawa tana ɓarewa a baki. Ruwan kuma cokali-cokali za ki dinga sawa, da kin damƙa kin ga ya haɗe bai warwatse ba to ya isa haka, ko da kin ga kamar bai yi kyau a ido ba ki ƙyale shi. Raba shi biyu, ki naɗe a leda ya huta a firij awa 1.

Na san za ki ce ina wutar da firij zai yi sanyi. To ki aiki yaro ya sayo ƙanƙara, ki sa a kula ki ɗora kwaɓin a kai cikin ledarsa ki rufe, aiki ɗaya suke yi. Lokacin hunturu abin ya fi sauƙi a Zariya, amma in zafin Maris da Afirilu ne to ki yi kwaɓin bayan sallar asuba kafin kicin ya ɗauki zafi. Bota ta gaske ta fi daɗi nesa ba kusa ba, in ta yi miki tsada Simas za ta yi, amma ban da mai laushin nan ta shafa burodi, ruwa ya mata yawa.

Sai maganar jiƙewa. Jajayen nan da kika saya zaƙi ne da su kawai, in suka ji wuta sai su saki jiki. Ki nemi korayen, masu ɗan tsami da ƙarfi, sunansu Granny Smith, asalinsu daga Ostireliya ne amma yawancin tuffar da ke shigo mana daga Afirka ta Kudu ake kawo ta, in kin shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan marmari za ki gan su jere da jajayen. Guda 6 ko 7 sun isa, wajen kilo 1. In kina so ki haɗa 4 kore 2 ja ba laifi, ni ma haka na fi so. Ki latsa kowacce kafin ki biya, wadda ta fara laushi ko fatarta ta yamutse ki mayar masa.

Ki fere, ki cire tsakiyar, ki yanka fale-fale daidai da juna, ki matsa lemon tsami babban cokali 1 don kar ta yi baƙi, ki zuba suga rabin kofi, kirfa ƙaramin cokali 1, ɗan gyaɗar ƙamshi da ɗan gishiri. Yanzu ga abin da ba ki yi ba: ki bar ta a kwano minti 30 zuwa 40. Suga zai janyo ruwan jikinta, za ki ga ya taru a ƙasan kwanon, to wannan ruwan ne ya jiƙa miki fai. Ki tsiyaye shi a ƙaramar tukunya ki tafasa har ya yi kauri ya ragu zuwa rabi, ya huce, ki mayar kan tuffar tare da kwanfulawa babban cokali 2 ki juya.

Ki baje rabin kwaɓin da abin murji ya yi faɗi ki shimfiɗa a farantin gashi, na ƙarfe ya fi, ki zuba tuffar ki tula ta sosai don za ta sauka, ki rufe da ɗaya rabin ki danne baki da cokali mai yatsu yadda kike wa mit fai. Ki tsaga saman wuri 4 ko 5 da wuƙa tururi ya samu hanya, ki shafa ƙwai. Oben ya riga ya yi zafi tukuna, digiri 200 na Celsius na minti 20 a layin ƙasa, sai ki rage zuwa 180 na minti 35 zuwa 40. Kar jan saman ya ruɗe ki, ki leƙa ta tsagar nan sai kin ga ruwan ciki yana tafasa yana ɓulɓulowa, don kwanfulawa bata kama jiki sai ta tafasa. In baki ya fara ƙonewa ki rufe shi da foyil. Kuma ko maigida ya tsaya miki a ka ki ba shi haƙuri, sai ya huce awa 2 zuwa 3 kafin a yanka, in ba haka ba ruwa zai sake bin faranti.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce a Samaru bani da oben sai risho da ɗan kurfoti, zan iya yi? Ummi.

AMSA: Za ki iya ƙanwata, yadda ake gashin kek a tukunya. Ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya ki rufe ya yi zafi kamar minti 15, ki jera gwangwanaye a kai ki ɗora farantin don kar ya taɓa yashin. Amma ki yi ƙanana a gwangwanin kek ko ki ninke su irin na mit fai, babba ƙasansa zai ƙone tsakiya bata nuna ba. Ki ɗan dafa tuffar minti 5 ta huce kafin ki zuba, sannan in kina da gawayi ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin saman ya yi ja.

TAMBAYA: Tuffa ta yi tsada Anti, ba abin da zai maye ta? Amarya daga Gyallesu.

AMSA: Amarya bakya laifi. Lokacin mangwaro ki nemi wanda ya ƙosa amma bai nuna ba, mai ƙarfi da tsami, ki yi rabi shi rabi tuffa, ki ɗan ƙara suga. Abarba ma tana yi sai dai ruwanta ya fi yawa, dole ki dafa ta ya tsane tukuna kuma ki ƙara kwanfulawa cokali 1.